Ramukan Saman Ɗakin Gwaje-gwaje

Sun zuba mu a ɗakin da ba fanka, ba iyakwandishan, suka ce mana wai dabara ce. Ban yarda ba, kuma har yau da sauran abin da ban gama yarda da shi ba.

Na haura arba'in a lokacin. Da yaƙi da jahilci na fara, in soya kifi da safe, in koyi baƙi da yamma, har na kai ajin manyan mata da ake shirya wa jarrabawar sakandare. Aikin ungozoma a asibiti nake nema, shi kuwa ba a shigarsa sai da kimiyya. Shi ya sa ake kai mu sabon ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a bakin garin Haɗeja, bayan la'asar, in ɗalibanta sun tashi.

Malaminmu mutumin Filato ne, yana son ginin nan kamar shi ya haife shi. Ya nuna mana kaurin bango, da rufin da ya zubo ya yi wa tagogi inuwa, da ramuka a jere can sama dab da kwano. Wai iska mai zafi ta nan take ficewa, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Akwai kuma akwatin gilashi da ake zuba asid a ciki, da bututu har rufi, a kansa wata hular ƙarfe da iska ke juyawa tana zuƙe hayaƙin.

Ya ce, "Mama, ko wata guda aka ɗauke wuta, ɗakin nan numfashinsa yake."

Na ce, "Malam, ɗan kwangila ya cinye fanka ya bar mana ramuka, kai kuma kana masa kirari."

Da bazara, gaskiya, ɗakin bai gasa mu ba. Amma da damina ta zauna, kogi ya cika har mutanen Auyo suka koma kwalekwale, sai ɗakin ya juye. Da an buɗe kwalba wari ya tsaya a maƙogwaro. Ni mai fuka ce tun ƙuruciya. In dawo gida ƙirjina na kuka kamar tsohuwar ƙofa. A asibiti aka ce in bar shaƙar abin nan ko in kwanta, ga jarrabawa ta kusa.

Na zargi ɗan kwangila. Na zargi malam. Na fi zargin ofishin kwalejin, don an taɓa jiyo wani babba a can yana cewa mu tsofaffi ɓarnar maganin gwaji kawai muke. Na ce a raina, korar da ba a iya yi da baki ba ita ake yi da hayaƙi.

Wata rana tari ya fito da ni waje, na dafa bishiyar maina. Iska na kaɗa rassanta, amma hular ƙarfen nan tana tsaye cik. Na ƙura ido, sai ga igiyar kaba a wuyanta. Dattijon da ke kula da ginin yana zaune a gindin bango yana gyaran fatsa.

Na ce, "Baba, wa ya ɗaure hular can?"

"Ni. Ta ishe ni da kuka. Ramukan ma na cusa musu buhu, na shafe da laka."

"Wa ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Haba 'yar nan, ke ba 'yar fadama ba ce? Wane mai hankali ke barin rami a bango da damina? Sauro ya tare a ɗakin gwamnati ina kallo?"

Abin haushi, ni ma haka nake toshe nawa a gida. Amma da na sake tambayarsa ko ofis sun sani, sai ya duƙa kan fatsarsa ya ci gaba da gyara. Wannan duƙawar ce har yau ban san fassararta ba.

Na gaya wa malam. Ya ɗaga kai, ya riƙe baki, ya ce zai kai magana ofis, amma ba a taɓa ginin sai injiniya ya zo daga Kano.

Na ce, "Kafin ya zo an yi sadakar ukuna."

Washegari ban hura wutar kifi ba. Na gangara bakin kogi na ari gorar tuƙa kwalekwale wajen ƙanena, na ɗaura wuƙa a kanta, na saɓa a kafaɗa, na ratsa kasuwa ana kallona, na nufi kwalejin, ni da igiyar kabar nan.