Kalar Auduga a Hayin Rafi

Shekarar da Baba ya rasu Inna ta ɗora mini mazari a hannu, ta ce daga yau abin da za mu ci sai hannunmu ya nemo. Da safe in tafi gidan Malam, ƙanen Baba, inda na sauke Alƙur'ani har na shiga littattafan fiƙihu tare da 'ya'yansa. Da hantsi in dawo in gurza auduga, in shiɓe, in zauna kaɗi har la'asar. Zarena yana fita siriri, babu ƙulli. Masaƙan Maska in sun zo kasuwar Bakori, zaren yarinyar gidan marigayi suke fara tambaya. Da shi na sayi gishiri da daddawar gidanmu, na sayi baƙin zane mai ƙyalli, daga baya har awaki.

Yabo kuwa na sha shi. Sai dai a garinmu ba a yabon mutum a bar shi nan, sai an waiwaya an kalli wani. A gidanmu ƙanwata ake kallo, wadda muke kira Auta.

Auta bahaguwa ce. In ta murza mazari da hagu zaren yana fita sumul, ya ma fi nawa, amma murɗinsa baya yake juyawa, masaƙa kuma ba sa haɗa shi da na sauran mutane, sun ce yana karkata saƙa. Gwaggo, yayar Baba, cewa take zaren hagu ba ya albarka. Aka yi ta buge mata hannu har ta koma dama, da dama kuwa zaren ya riƙa fita da ƙululu kamar igiyar ɗaure tunkiya. Babu mai saye.

"Ke Auta, kin ga yayarki?" in ji Gwaggo duk ranar da ta shigo. "Ita ta sayi akuya, ke ko wutsiyar akuya."

"Gwaggo, ai ni nake share kashinsu. Shi ma rabo ne."

"Ji bakinta! Da baki ake kaɗi da kin tufatar da gari."

Auta ta yi dariya, ta juyo gare ni. "Yaya, in kin yi arziki ki ɗauke ni aikin kore miki ƙuda." Ni ma in yi dariya. Na ɗauka abin ba ya shigarta.

A wajenmu, in mai gona ya gama tsinkar audugarsa ta ƙarshe, abin da ya saura a jikin itacen na kowa ne, shi ake ce wa kala. A ranin da ya wuce mata suka tsince gonakin kusa da ganuwa ƙaf. Na hayin rafi ne kawai ba a taɓa ba, don an ji labarin mahara suna yawo a dajin, mai gari ya sa an yi shela kada mace ko yaro ya ƙetare ruwa.

A wani gidan suna Gwaggo ta ɗaga gefen zanena a gaban mata ta ce, "Wannan guminta ne. Waccan kuwa, har ɗankwalin kanta aro ne." Mata suka yi shewa. A ranar Auta ba ta yi dariya ba, ta tashi ta fita.

Washegari na dawo daga gidan Malam ban tarar da ita ba, babban kwandon Inna ma babu. Maƙwabciyarmu ta ce ta ga fitarta ta ƙofar yamma. Na bi ta da gudu, ko takalmi ban sa ba.

Daga bakin rafi na hango ta a hayi, cikin gonar da ta yi fari fat. Ta gan ni, ta ɗaga kwandon sama da hannu biyu, ya kusa cika.

"Yaya! Kin gani?"

Ban kai ga amsawa ba na ji an fizgo ni ta baya, na faɗa cikin kwari. Wata Bafulatana ce mai tallar nono, ta riga ni jin dawakin. Ta danne ni cikin ciyawa, ta toshe mini baki da tafinta. Ban ga komai ba. Na dai ji kofato, na ji maza suna magana, na ji Auta ta kira ni, ta sake kira, sannan muryar ta yi nisa. Na ciji hannun matar har jini, ba ta sake ni ba sai da tsuntsaye suka dawo kuka.

Mazan gari suka bi sawu har yamma, kwandon kawai suka dawo da shi.

Na kwance awakina, na naɗe baƙin zanen, na kai wa Malam, ya ba fataken da za su arewa su cigita ta, in sun same ta su fanso ta. Ranar ma sai da aka yabe ni. Gwaggo tana kuka tana cewa, "Kun ga amfanin sana'a? Da ba don hannun yarinyar nan ba, da me za a nemo ta?" Na shiga ɗaki na yi amai.

Malam ya ce neman halal ibada ne, ban musa ba. Amma na duba ban ga abin da na yi na yabo ba. An haife ni da hannun da masaƙa suke so, a gidan da in ban yi ba za a kwana da yunwa. Auta ta fi ni tashi da wuri. Ita take daka, ita take ɗebo ruwa, ita take kiwon awakin da ake kira nawa, don in samu zama in yi kaɗi. Aikinta ba ya zuwa kasuwa, shi ya sa ba wanda ya gan shi.

Fataken sun dawo farkon damina. Duk inda suka bi ba wanda ya ji ɗuriyarta. Suka maido mini da zanen.

Har yanzu in jaki ya buga ƙafa a bayan danga sai in saki mazari in leƙa. Siririn zare tsinke mini yake yi, na koma kaɗin abawa mai kauri. Duk da haka jiya maƙwabciyarmu ta shigo da 'yarta, ta tsayar da ita a gabana ta ce, "Ke malalaciya, kalli yayarki nan."

"Iya, don Allah kar ki ƙarasa," na ce. "Ki kai ta gida."

Ta tsaya tana dubana kamar na zage ta, sannan ta ja yarinyar suka fita.

Audugar Auta tana nan cikin kwandon a ƙarƙashin gadon Inna, ko gurza ta ba a yi ba. Na ce a bar mata, in ta dawo ta kaɗe abinta da hagunta.