Jarvis Mai Ƙofa da Fadamar Tamsin

Jarvis Pettit a tsaye ya ci rabin rayuwarsa. Shi ne ɗaya daga cikin masu tsaron ƙofar Majalisar Sarakai a Westminster, inda manyan ƙasa da bishop-bishop, wato manyan limaman coci, suke zama su yi doka, in kuma ƙara ta gagari kotuna su saurare ta. Aikinsa ya buɗe, ya rufe, ya kira sunan wanda aka nema. Da an ce za a shiga shawara, sai ya kora kowa waje, shi ma ya bi bayansu ya ja ƙofa. Saboda haka farkon kowace magana ya sani da ƙarshenta, tsakiyar kuwa bai taɓa ji ba, kuma tun da daɗewa ya daina son ji.

Asalinsa mutumin Marlode ne, wani ƙauye a fadamun gabas, inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Yana saurayi ya biyo masu koro shanu zuwa London, bai koma ba. Ya yi dakon gawayi zuwa murhunan majalisa har aka saba da fuskarsa, da wani tsohon mai tsaron ƙofa ya mutu aka ba shi sandarsa. Ya yi aure, matar ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn. Daga nan sai ɗaki guda a saman shagon mai kyandir, da burodi da cuku, da ƙafafu masu kumbura kowace yamma har takalmi ya ƙi fita.

Wata safiya ta hunturu yana korar masu ƙara daga bakin ƙofa don manya su wuce, sai wata mata mai jan mayafi ta tsaya cak ta ƙi matsawa.

Ya ce, "Baiwar Allah, koma baya."

Ta ce, "Jarvis na gidan Pettit, kai ne kake kora ta? Kai da muka tsamo daga rami da sandar kamun kifi?"

Ya dube ta da kyau. Tamsin ce, wadda suka yi kiwon agwagi tare suna yara, wadda ya so ya aura amma Ludkin ya riga shi. Gashinta ya yi fari, bakin kuwa yana nan yadda ya san shi.

Da manya suka gama shiga, ya kai ta kusa da murhun zauren jira, ta ba shi labari. Ludkin ya mutu. Wani maƙwabcinsu mai suna Crake ya tashi ya ce fadamar da take kiwon agwaginta, take yankan ciyawar jinka a cikinta, ta kakansa ce. Kotu ta ba Crake gaskiya. Lauyanta ya ce saura wuri ɗaya, shi ne nan.

Ta ce, "Ya ce mini kafin bazara an gama."

Hodge, abokin tsaron Jarvis, wanda yake gasa hannu a wuta, ya yi dariya. "Ya faɗa miki bazarar wace shekara, Inna?"

"Wannan ɗan naka ne?" ta tambayi Jarvis.

"Allah ya kiyaye."

"To, na ga alama. Da naka ne da ya fi haka kunya."

An karɓi ƙarar, an karanta, an miƙa ta ga kwamiti. Amma a gabanta akwai dokar haraji, da dokar ulu, da rigimar gadon wani babban gida da ta cinye makonni. Kullum Tamsin tana zaure tun kafin a yi addu'ar buɗe zama, ga ta ga masu ƙara irinta, kowa da takardunsa a ƙirji. Ana cikin haka Sarki ya ɗage majalisa. Jarvis ne ya fito ya faɗa musu. Wasu suka zagi iska, wani tsoho ya zauna a ƙasa. Tamsin ta ɗaure ƙunshinta.

Ta ce, "In sun dawo, daga inda aka tsaya za a ci gaba?"

Ya ce, "Wani lokaci. Wani lokaci kuma sai an sake shigarwa."

Sai da aka sake shigarwa. Ta dawo lokacin kaka, ta kawo masa busasshen kifi daga gida, ya ci har da ƙaya. Shekarar da ta biyo annoba ta shiga gari, aka kwashe majalisa zuwa wani wuri, babu wanda ya yi zancen fadamar kowa. Bayan nan kuma sarakai da wakilan talakawa, masu zama a ɗaya ɗakin majalisar, suka saɓa a kan wanda yake da ikon jin waɗanne ƙararraki, aka yi ta aike tsakanin ɗakunan biyu, Jarvis yana buɗe wa masu kai saƙo yana rufewa har kafaɗarsa ta riƙe. Tamsin ta sayar da rabin agwaginta. A London take wankau a wata masauka don ta sami wurin kwana.

Duk da haka zuwanta ne kawai abin da yake sa Jarvis ya duba kalanda. Da rana, in manya sun tashi cin abinci, sukan zauna a kan matakala su raba burodi. Ba sa maganar da, sai dai ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Wata rana ta ga akawu ya wuce da alƙalamin gashin tsuntsu a bayan kunne, ta ce, "Ka ga wancan? Ba mamaki daga fiffiken agwagwata aka fige shi. Ita ta riga ni shiga."

A wani zama da ya biyo baya, wasu attajirai suka kawo ƙudurin doka na janye ruwa daga fadamun gabas a mayar da su gonaki. Ba sabon abu ba ne, irinsa ya sha zuwa. Jarvis yana tsaye a ciki lokacin da akawu yake karanta sunayen wuraren da babbar magudana za ta ratsa, hankalinsa yana kan gwiwarsa mai zogi, sai ya ji an ce Marlode. Ya ɗaga kai. Akawu ya riga ya wuce zuwa suna na gaba.

Ya yini da abin a ransa. Da yamma ya same ta a bayan masauka tana shanya zannuwa, ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba.

Ta daɗe tana matse zane ɗaya. Sannan ta ce, "Ta tsakiya za ta bi ko ta gefe?"

"Ban sani ba. Suna kawai na ji."

"Me ake yi?"

"Ana shigar da koke a ce ba a yarda ba. Sai an ɗauki wani lauya, a kawo shaidu daga gida."

"Da wane ƙarfin, Jarvis? Kuma in ce musu me? Kada ku taɓa fadamata? Za su ce wace fadama, ai ta Crake ce, ga hukuncin kotu." Ta yarfa zanen a kan igiya. "Bari in gama da ɗaya tukuna."

Ƙudurin bai sha wahala ba, don masu shi suna da lauyoyi da taswira, kuma mutane da yawa sun ga alheri a ciki. Ya wuce sarakai, ya wuce wakilai, Sarki ya amince. Ƙarar Tamsin kuwa sai a zama na gaba aka saka mata rana. Jarvis da bakinsa ya kira sunanta. Ta shiga ta tsaya a bayan shingen da masu ƙara ba sa ƙetarewa, lauyoyi suka yi ta magana har hasken taga ya juya, sannan aka ce kowa ya fita. Ya rufe ƙofa, suka tsaya shi da ita a waje. Da aka sake kiran su, aka karanta hukunci: an soke na kotun ƙasa, fadama ta matar Ludkin ce.

Hodge ya ce, "Inna, kin ci fa. Ko murmushi babu?"

Ta ce, "Ka yi mini, ɗana, kai da kake da haƙora."

Da ta isa gida ta tarar magudanar ta bi ta tsakiya. Inda agwagi suke iyo ya zama tudun baƙar laka, ga ma'aikata da shebur. An ba ta musanya, wani fili busasshe can gefen gari, tun da yanzu doka ta san ita ce mai wurin. Da Crake ne ya ci, da shi za a ba. Wannan kaɗai ta samu.

Jarvis ya ƙara shekara biyu ko uku a bakin ƙofa. Wata rana ana tsakiyar karanta wata doka ƙafarsa ta hagu ta saki, ya zube a gaban bishop-bishop, aka ɗauke shi kamar buhu. Ya miƙa sandar ga Hodge, ya hau keken doki na dakon kaya mai zuwa gabas. Bai gane Marlode ba sai da ya ga hasumiyar coci. Tamsin ta ba shi ɗakin bayan gidanta, mutane suka yi surutunsu suka gaji. Tana noman wake da kabeji, abin da ba ta taɓa so ba, shi kuma yana zaune a kan kututture yana gyara mata kwanduna.

Ƙasar da aka busar ta riƙa lotsawa kaɗan-kaɗan. A wani hunturu mai ruwa gaɓar magudanar ta fashe, gonakin rabin gari suka nutse. Magidanta suka taru suka yanke shawarar kai kuka majalisa, suka zo wurin Jarvis, jikan Crake ne ma a gaba, hula a hannu.

Ya ce, "Baba Jarvis, kai ka san wurin. Ka raka mu, ko a keke ne mu ɗauke ka."

Jarvis ya girgiza kai. "Ba inda za ni. Ku tafi da riguna masu kauri, zauren akwai sanyi. Ku nemi wani Hodge, ku ce ni na turo ku, zai ba ku wuri kusa da wuta. Kuma kada ku tafi duka, ku bar masu shuka."

"Ai kafin shuka mun dawo."

Tamsin tana bakin ƙofa tana ɓare wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ku dai bar masu shuka."

Suka bar mutum uku. Jarvis ya rasu a ƙarshen wannan bazarar, aka binne shi a bayan coci, a ɗan tudun da ruwa bai kai ba. Tamsin ta rayu har ta ga an toshe gaɓar da kuɗin da mutanen gari suka haɗa da kansu, masu kai kuka kuwa suna can London ba a kira su ba tukuna.