Tokari da Ramin Ƙaninsa

An haifi Tokari ranar tara ga watan Maris, a shekarar da kamfani ya buɗe rami na biyu, a ɗakin ƙarshe na Layin Ƙasa. A wannan ɗakin ya rasu, da ido ɗaya da kafaɗa a karkace. Wanda ya san abin da ya same shi tsakanin waɗannan ranaku biyu, ya san mafi yawan tarihin garinmu.

Garin yana cikin kwari, tsakanin tsibin ƙasa biyu masu kama da tsaunuka, alhali kuwa hannun mutum ne ya tara su daga ramukan dalma. Kamfani ya gina layukan gidaje uku, bango haɗe da bango: Layin Sama na manyan ma'aikata, Layin Tsakiya na masu injin, Layin Ƙasa na masu shiga rami. A zamanin da dalma ke fita, jama'ar garin sun haura dubu goma, har makarantar da na koyar a cikinta ta raba ɗalibai zuwa 'yan safe da 'yan yamma. Yau duk garin bai cika dubu ɗaya ba, kuma rabinsu tsofaffi ne.

Aikinsa ne ya zama sunansa. Masu diga suna haƙa, shi kuma yana bin bayansu da gatari da gungume, yana tokare rufin rami don kada ya faɗo musu. Ba shi da yawan magana, ba shi da fara'a, kuma ɗan'uwa ɗaya tak yake da shi a duniya, ƙaninsa, wanda saurin haƙarsa ya sa ake kiransa Gafiya.

Ranar da kamfani ya rufe, ba a gaya wa kowa ba. Ma'aikata suka zo da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa da masu gadi a bayanta. Aka fara da jifa, aka ƙare da harbi. Harsashi ya fasa cinyar Gafiya, mutane suna gudu suna tattake shi, sai Tokari ya kutsa cikin taron, ya karya hancin wani mai gadi da ƙotar gatari, ya goyo ƙaninsa har gida. Ba a jima ba aka ciccire ƙarafan hanyar jirgi, Layin Sama ya zama kufai.

Waɗanda suka rage suka tuna cewa dalma ba ta san an rufe kamfani ba. Sai mutum ya matsar da gadonsa, ya fasa simintin ɗakinsa, ya haƙa har ya riski jijiyar dutsen, ya bi ta duk inda ta nufa. A nan masifa ta samo asali, domin kowa ya san iyakar gidansa a sama, amma a ƙasa babu katanga. Idan ramuka biyu suka haɗu, ba a gaisawa. Na ga mutumin da aka fito da shi muƙamuƙinsa yana lilo saboda saran diga. Wani kuma ya cinna wa tsohuwar taya wuta ya tura ta ramin maƙwabcinsa, hayaƙi ya kashe mutum biyu, su kuwa 'yan'uwansu suka ƙone masa gida kafin rana ta faɗi. Tokari ya ƙi haƙa. Sai dai duk wanda ya kira shi tokara yana zuwa, ko abokin gabar wanda ya yi wa aiki jiya ne.

Ɗakin Gafiya yana jingine da nasa. Gafiya ya haɗa hannu da babban ɗan Mahauci, wani maƙwabcinsu mai sayar da nama, suka bi wata jijiya mai kauri, ita kuwa ta miƙe sosai ƙarƙashin ɗakin Tokari. Tokari ne ya kafa musu itace tun daga bakin ramin, yana ta gargaɗi, har simintin ɗakinsa ya tsage. Wata safiya ya tare ƙaninsa a tsakiyar layi, mutane suna ɗiban ruwa a famfo.

"Kai Gafiya, jiya na ajiye kofin shayi a ƙasa, ya tashi shi kaɗai ya nufi ƙofa."

"To ka aike shi kasuwa mana, Yaya. Ka samu ɗan aike a banza."

Masu ɗiban ruwa suka yi dariya. Tokari bai yi ba.

"Ƙasar wurin nan ruɓaɓɓiya ce. Ba ɗakina nake ji ba, kai nake ji. Na goya ka sau ɗaya, bayana bai warke ba."

"Kullum sai ka yi mini gorin goyon nan. Gaya mini, saman gidan aka ba ka ko ƙasansa? Ni ina da bakuna uku a ɗaki, kai kana da gatari."

"Ko ka juya ramin nan, ko in shiga in zare itacena, kowa ya huta."

Duk layin ya ji wannan magana. Gafiya ya ɗaga ƙotar shebur ya zubar masa da haƙora biyu. Tokari ya tofar da jini, ya ɗaga ƙaninsa ya maka shi da ƙasa, ya danne masa wuya da gwiwa har idanunsa suka firfito. Matar Gafiya, wadda ake kira Uwar Biyu saboda tagwayenta, ita ta raba su, ta juye musu bahon wanki.

"Ku kashe juna mana," in ji ta, "sai a rage mini wankin kaya."

Da damina ta yi nisa, wata rana da tsakar rana, ramin ya rufta. Tokari ne ya fara shiga, ya yi ta yaƙi da ƙasa har faratansa suka ciccire. Da yamma aka fito da Gafiya, ƙirjinsa a murƙushe, aka fito da ɗan Mahauci, wanda mahaifinsa bai gane shi ba sai ta wandonsa. Da aka ƙarasa share bakin ramin, sai aka ga gurbin gungume uku babu komai a ciki. Itacen da nauyi ya karya yana barin guntaye. Waɗannan ko ɓawo ba su bari ba.

A ranar farko mutane suna cewa rami ya rufta. Kafin a tashi daga zaman makoki sun koma cewa an rufta rami. Bambancin bai fi harafi biyu ba, amma jumla ta farko ba ta neman kowa, ta biyu kuwa ba ta cika sai an samo wanda ya aikata.

Mahauci ya zo da safe, da mazan layin a bayansa. Ya tsaya a ƙofar Tokari, ƙugiyar rataye nama a hannunsa.

"Maƙwabci, tambaya ɗaya na kawo. Kai ka zare?"

"A gaban kowa na ce zan zare."

"Ban tambaye ka abin da ka ce ba."

"Abin da na ce, shi ke gare ni."

"Ka ce a'a, mu je mu nemi wani. Wallahi ko ɗan wa ne, yau sai ya bi ɗana."

Tokari ya dubi ƙasa. Suka ja shi zuwa gindin famfo. Suka yi ta dukansa da ƙotocin diga har kafaɗarsa ta goce, haƙarƙarinsa suka kakkarye, shi kuwa ko hannu bai ɗaga ya kare kansa ba, mutumin da ya karya hancin mai bindiga. Mahauci ne ya yi na ƙarshe, ya sa ƙugiyar ya tsiyaye masa idon hagu. Sun bar shi ne don sun ɗauka ya mutu. Ni da ma'aikacin asibitin garin muka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa. Da 'yan sanda suka zo, ya ce musu faɗuwa ya yi.

Daga nan babu wanda ya sake kiransa tokara, kuma babu wanda ya iya ta kamarsa. Ramuka suka riƙa ruftawa ɗaya bayan ɗaya, rabin Layin Ƙasa ya nutse, iyalai suka yi ta ɗaure kaya. Shi bai tafi ba. Ya koma sassaƙa kujeru da ƙotoci da hannunsa mai lafiya. Uwar Biyu takan miƙa masa abinci kullum ta kan katanga, mata suna cewa ba ta da zuciya. Tagwayen suka girma ba sa gaishe shi. Ɗayansu ma ya taɓa fasa masa goshi da dutse, yana kiransa makashin ubansu. Tokari ya share jinin ya ci gaba da sassaƙa.

Bayan an binne shi, Uwar Biyu ta zo gidana, ta tsufa, tagwayen kuma sun daɗe da barin gari. Ta ƙi kujera, ta zauna a dandamali.

"Malam, an ce kana rubuta labarin mutanen garin nan. To ka rubuta nasa daidai."

A waccan daminar, in ji ta, itacen girki ya ɓace, wanda ake samu kuma jiƙaƙƙe ne, yara suna kukan yunwa. Ta sauka tsani cikin ramin da gudumar mijinta, ta buge gungume ɗaya na kusa da baki, wanda a ganinta tsaye kawai yake ba ya aikin komai. Babu abin da ya faru. Sai ta ɗauko na biyu, sannan na uku.

Washegarin jana'iza, tun kafin Mahauci ya zo, Tokari ya shigo madafarta da bokitin ruwa. Ya sunkuya, ya jawo wani guntun itace daga murhu, ya dubi saran da ke kansa. Masassaƙi ba ya kasa gane saran gatarinsa. Ya dube ta, ya dubi tagwayen suna cin abinci a bakin ƙofa. Sai ya mayar da guntun cikin wuta, ya hura ta, ya zauna a wurin har itacen ya zama toka. Har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga wannan magana da kowa ba, ko da ita kanta.