Tsinkayen Gwajin Tsargiya

A shekarata ta biyu da dawowa gida Malanbil da aikin likita, na lura yawancin manoman shinkafa da ke zo mini daga ƙauyen Garu ciwonsu ɗaya ne: tsargiya. Mutum ya saba yini tsaye cikin ruwan fadama, wata rana sai ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Wasu ma ba sa ganin jinin, sai na duba fitsarin a madubin likita nake ganin ƙwan tsutsar. Na daɗe ina so in yi rubutu a kai a mujallar likitoci, amma ban san ta inda ake farawa ba.

Wanda ya ƙarfafa mini gwiwa wani abokin karatuna ne, tare muka gama a Paraku, shi ya wuce Kwatano ya zauna. Da na gaya masa burina a waya, bai bar ni na kai ƙarshe ba.

"'Yar'uwa, ai kin faɗa wa mai abin," in ji shi. "Akwai wasu sababbin tsinkaye na takarda, tsomawa kawai ake cikin fitsari, launi ya canja in da ciwon. Zan aiko miki, ki gwada su, mu rubuta tare."

Katon guda, wato kwali ɗaya cike da su, ya aiko a kar, babbar motar fasinja. Na tambaye shi wa ya saya, ya ce in bar wannan magana, kyauta ce.

Na nemi izinin kwamitin da ke duba irin wannan bincike, aka ba ni. A Garu na fara da gaishe da mai gari, sannan duk wanda zan gwada na yi masa bayani da Dandanci ko Hausa, wanda ya ƙi na bar shi. Kowane fitsari sau biyu nake gwada shi, da tsinke da madubi. Inda ciwon ya yi ƙarfi, tsinken ba ya kuskure. Amma inda yake da sauƙi, sau da yawa tsinken ya ce lafiya lau, alhali ga ƙwai ina kallo da idona. Haka na rubuta, na tura masa.

Na zaci zai kira. Sai ga shi da kansa.

Duk wanda ya taɓa hawa kar daga Kwatano zuwa Malanbil ya san ba tafiyar da ake yi don gyaran waƙafi ba ce. Ya sauka gidanmu da turmin atamfa na Innata, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi kasuwar albasa, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi mutanen da ni kaina ban san ya san su ba. Da ya fita alwala, Inna ta bi bayansa da kallo.

"Wannan abokin naki gaisuwarshi ta yi tsawo," ta ce. "Mi shika so?"

Na ce aiki ne kawai. Amma maganar ta zauna mini.

Bayan la'asar ya ce mu je mu ci kifi a bakin gulbi, kusa da gada. Manyan motoci sun yi layi suna jiran duwan, wato kwastan na iyaka, muna cin abinci cikin ƙararsu. Ya yaba rubutun sosai. Sai da ya wanke hannu ya shigo maganar.

"Waɗannan da tsinke bai kama ba, ina kika aje katon ɗin?"

"A kabad ɗin ofis."

"Kin gani! Zafin garin nan naku. Tsinkayen ne suka lalace, ba laifinsu ba ne. A cire waɗannan mutanen, rubutu ya fito tsaf."

Maganar ba ta rasa kan gado ba. Zafin bazara a nan ba wasa ba ne, kuran kuma, wato lantarki, yana ɗaukewa yadda ya ga dama. Na ce to mu rubuta haka nan, cewa mai yiwuwa zafi ne, mu bar mutanen a ciki. Ya yi dariya, ya ce ban san mujallu ba, ba sa son mai yiwuwa. Ya ƙara da cewa za mu sa sunan wani babban malaminsa a gaba, don da sunan nan babu editan da zai tsaya dogon bincike.

"Ya karanta rubutun?"

"Zai karanta."

Daga nan ya ce a tura wa mujallu biyu lokaci guda, wadda ta riga amsawa a ba ta. Na riga na karanta ƙa'idojinsu, na san kowace tana sa marubuci ya tabbatar bai kai rubutun wani wuri ba. Na san kuma suna tambaya ko marubuci yana da wata alaƙa da masu kayan da ya gwada. Sai na ajiye kofin ruwa na dube shi.

"Ɗan'uwa, don Allah faɗa mini. Aiki kake wa masu tsinkayen nan?"

Ya ɗauki lokaci yana goge yatsunsa.

"Aiki dai a'a. Nakan ba su shawara wani lokaci."

"To sai mu rubuta haka."

"Wa ya tambaye ki? In kika rubuta, kowa zai ce saye aka yi."

A hanyar komawa gida na shiga tuno komai daga farko. Yadda ya katse ni a waya tun ban gama ba. Yadda katon ya iso da sauri. Har atamfar Inna na fara yi wa wani kallo. Na kuma tambayi kaina ko ba zaluntarsa nake ba, mutumin da muka raba littafi ɗaya muna ɗalibai. Ban iya yanke hukunci a kansa ba, amma na yanke a kan rubutun.

Da safe kafin ya tafi tasha na gaya masa ba zan cire kowa ba, ba zan sa sunan wanda bai yi aikin ba, zan kuma faɗi inda tsinkayen suka fito da batun zafin. Ya ce in haka ne in cire sunansa. Bai ɗaga murya ba. Ya je ya yi wa Inna sallama kamar yadda ya gaishe ta.

Mujallar farko ta maido rubutun. Ɗaya daga cikin masu tantancewa, waɗanda ba a bayyana sunansu, ya dage a kan batun zafi, da kalmomi masu kama da waɗanda na ji a bakin gulbi. Na yi kwanaki ina zargin malamin nan nasa ne. Ba ni da hujja, kuma duk likitan da ya san arewa zai iya faɗin haka. Na gyara abin da zan iya, na tura wa ta biyu. Suka tambayi shaidar izinin kwamiti, suka tambayi yadda na nemi yardar waɗanda ba su iya karatu ba. Na amsa. Bayan watanni suka buga.

Bara na ci karo da wani rubutu a kan tsinkayen, daga wani asibiti a kudu. A can ba su yi kuskure ba sai kaɗan. Sunan abokina yana tsakiya, na malaminsa a gaba. A ƙasa an rubuta cewa babu marubucin da ke da alaƙa da kamfanin da ke yin su.

Na kira shi. Muka gaisa, na ce na ga aikinsu, na tambaye shi wannan layin na ƙasa.

"Ai na daɗe da barinsu," in ji shi.

"Yaushe?"

Ya ce yana cikin mota, ba ya jina sosai, zai kira in ya sauka. Ranar Sallah ya kira, ya nemi in ba Inna wayar, suka daɗe suna hira.