Bakin Baba

Ƙanshin kanumfari ba ya yi mini daɗi. Ko a kunu na ji shi, sai in tuna daminar da Baba ya yi yana cusa shi a kogon haƙorinsa na can ƙurya.

Baba dillalin tumaki ne a kara, kasuwar dabbobi ta Gidan Rumji. Da bakinsa yake ciyar da mu. Da kun ji shi yana daidaita Bafillace da mahauci, ya yi wa wannan barkwanci da Fillanci, ya juya ya rarrashi wancan, har su tafa, da kun san Allah Ya ba shi magana. Yakan buɗe bakin rago ya faɗi shekarunsa nan take, amma nasa bakin ba wanda ya taɓa dubawa. A gidanmu asuwaki da gawayi ne iyakar kulawa, ba a zuwa wurin likita sai mutum ya kasa tashi.

Ciwon ya fara ana tsakiyar noman farko. Inna ta yi ta fama ya je Maradi a duba shi, yana cewa sai an gama maimai. Ni ce babbar ɗiyarsa, ina ajin ƙarshe a lakol, ina ji da kaina. Ni na kawo labarin wata tsohuwa daga wajen Cadakori mai cire tsutsar haƙori, ni kuma na je na kira ta. Wannan har gobe yana cina.

Tsohuwar ta zo da hantsi, ana yayyafi. Ta gasa tsingaro ya yi ja, ta zuba masa man shanu da 'ya'yan gautan kura, ta kifa mazurari, Baba ya kafa baki yana shan hayaƙi, hawaye na bin kuncinsa. Ni na riƙe ƙwaryar ruwa a ƙarƙashin haɓarsa. Can sai ga waɗansu abubuwa farare, sirara, suna yawo a ruwan. Na yi tsalle ina cewa sun fito! Gwaggo har da guɗa. Sai da na girma na san 'ya'yan gautan ne ke fashewa in sun ji wuta.

Zogin ya lafa, Baba ya koma gona. Ashe haƙorin ne ya mutu, ruɓar ta gangara cikin ƙashi. Kafin gero ya fid da kai kuncinsa ya yi tulu, bakin ya ƙi buɗuwa, ko fura sai da tsinken kara. A amalanke aka kai shi bakin kwalta, aka tare mota. Likitan Maradi ya ce wa Inna, “Hajiya, da kun zo tun farko, cirewa ce kawai.” Sun ceci ransa, amma sun yanke rabin muƙamuƙinsa.

Ya koma kara sau uku. Yana magana mutane na cewa “Na'am?”, masu dabbobi suna zamewa wurin wani dillalin cikin kunya. Daga na ukun ya rataye sandarsa, bai sake zuwa ba.

Yanzu ina koyarwa a Maradi. Aikin maigidana ya ba mu katin inshorar lafiya, har da haƙori a ciki, kuma sau biyu a shekara nake jan yara a duba su, ko ba mai ciwo. Maƙwabta na yi mini dariya, wai mai lafiya me ya kai shi asibiti. Na gaji da bayani, wallahi. A ƙauye kuwa har yau tsofaffin nan na yawo da mazurarinsu, ana kiransu.

Tun rasuwar Inna, ni kaɗai na rage mai gane maganar Baba, ni ɗin ma sai ina kallon bakinsa. Waya ba ta yi mana amfani. Da ƙaramar salla na kai masa autata. Ya riƙe hannunta ya daɗe yana magana, yana tsayawa yana share yawu. Yarinyar ta juyo, idonta ya cika da tsoro, ta ce, “Mama, faɗa yake yi mini?”

Albarka yake sa mata. Na ce ta ce amin.