Ranar da Na Zaga Landan da Takobin Kawu

Unguwar Barking, Landan, bayan sallar asuba

Ku na gida kullum kuna cewa ba na ba ku labarin yawo, sai na aiki. To ga shi. Sau ɗaya na fita, kuma da ƙyar na dawo da aikina a hannu.

Asabar ce, lokacin sanyi, gari bai waye ba muka fito. Ni da Nabila, 'yar Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata da nake zaune a gidansa. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Taron masu son ƙagaggun labaran sararin samaniya za ta je, inda manya da yara suke shigar dodanni da 'yan sama jannati. Kawu ya ce ba inda za ta sai da ni, kuma sai mun fara biyawa ta gidan tarihi ta ga abin da zai amfane ta.

Ta daɗe tana haɗa shigarta ta sarauniyar wata duniya: sulken soso da ta liƙa wa atamfa, da takobin soso mai fentin azurfa. Muna bakin ƙofa Kawu ya miƙo mini dogon ƙunshi a cikin tsohon zani, ya sha ɗauri da igiya.

"Ga takobin nan, na ɗaure muku. Allah ya kiyaye hanya."

Na ji nauyi, sai na ɗauka sanda ya haɗa don kada soson ya karye. Kun kuma san mu, babba ya ɗaure maka kaya ba ka kwancewa a gabansa kamar kana tuhumarsa. Na ce amin, na saɓa a kafaɗa.

Hanya

An rufe wani ɓangare na layin jirgi na District ana gyara, sai bas muka hau zuwa wata tashar, sannan tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A ƙofar shiga tashar ƙunshin ya maƙale, wani ɗan sanda ya zo da fara'arsa ya ɗaga mini shi na wuce. Har godiya na yi masa.

Gidan tarihi

Mun sha layi cikin sanyi kafin a buɗe. Suka leƙa jakunkunanmu, dogon kuma suka ce a kai ɗakin ajiya, ba wanda ya kwance. Nunin kayan 'yan sama jannati ne: riguna masu kan kwano, abinci a matse kamar man goge baki, da wani dutse da aka ce daga wata aka ɗauko shi. Bai kai goro ba. Na ce wa Nabila, "Don wannan tsakuwar kika hana ni barci?" Ta ce ba ni da lissafi, da Turanci. Abu ɗaya ya tsayar da ni, yadda suke kama ruwa a can sama. Na karanta har ƙarshe, na gode wa Allah da buta.

Zauren taro, gefen kogi

Bayan azahar muka isa. Mutane kamar kasuwa, kowa da shigarsa, wani da fiffike, wani kansa a cikin akwati. Kafin ka shiga akwai teburin da ake duba makaman wasa, a tabbatar soso ne ko roba, a ɗaura musu alama. Wata Baturiya da ta shafe fuskarta da kore ta ce in kwance.

Na kwance. Kube na fata ja, na gaske. Ta ɗan zaro, ƙarfe ya yi walƙiya. Ta mayar a hankali, ta ɗora hannu a kai, ta yi magana a rediyonta.

Bari in gaya muku abin da ke ƙasa. Kula da tsofaffi nake yi, da aikin aka ba ni biza. A ƙasar nan wuƙar kicin ma ba a yawo da ita. In sunana ya shiga wurin 'yan sanda da makami, ba aiki, ba biza, sai jirgin Kano. Kuma a hannuna aka gani, ba a hannun Kawu ba.

Shugaban masu gadi ya zo, wani dattijo baƙi mai furfura. Ya ji ina salati a ƙasa-ƙasa, sai ya dube ni.

"Ke 'yar ina ce?"

"Zariya, Baba."

"To 'yar Zariya, yaƙi kika zo?"

Baba Bitrus sunansa, mutumin Jos. Ya kai mu ofis, na zayyana masa komai. Bai yi dariya ba.

"Ke kika kawo shi teburin da kanki, shi ya sa nake sauraronki. Mai shi ya zo ya ɗauka a but ɗin mota kafin in tashi aiki. In bai zo ba, zan miƙa wa 'yan sanda, kuma za su tambayi wanda ya kawo. Ba zan yi musu ƙarya ba."

Na kira Kawu.

"Kawu, me ka sa mana a zanin nan?"

"Na kakanku ne. Jikar mutumin nan ta shiga taro da soso? Ai ko albasa ba ya yankawa."

"Kawu, ni za a mayar gida, ba kai ba."

Tunda nake ban taɓa yi masa magana haka ba. Sai ya ce, "Ga ni nan."

Nabila tana kuka, fenti yana zuba a kan atamfa. Na ce ta share ta shiga, sarauniya ba takobi ma sarauniya ce, ni ba inda zan motsa. Na zauna ina kallon agogon bango, Baba Bitrus yana shiga yana fita. Ya kawo mini shayi, ban iya sha ba.

Ana gab da magariba Kawu ya iso, da babbar riga da hula, daga ɗaurin aure ya taso. Kafin ya kai ofis Turawa sun tare shi suna roƙon hoto, suna tambayar daga wane fim shigar take. Ya shigo yana huci. Baba Bitrus ya miƙa masa ƙunshin ya ce, "Alhaji, a bango ake rataye wannan." Kawu ya karɓa da hannu biyu. Baba Bitrus ya raka mu har mota, aka rufe but, ya juya ya tafi. Ko sunana na biyu bai tambaya ba. A nan na zauna a bakin titi na yi ta dariya kamar taɓaɓɓiya.

Komawa

Nabila ce kaɗai ke surutu a mota, wai an yaba sulkenta. Kawu ya tuƙa mu har muka shigo Barking. Ya tsaya a shagon mai tsire, ya dawo ya ajiye ledar a cinyata, ba a ta 'yarsa ba.

"Ba ki ci komai ba tun safe."

Ku da kuka san Kawu kun san iyakar haƙurin da zai bayar ke nan. Na karɓa.

Mun shiga gida lafiya, alhamdu lillahi. Baba Bitrus, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ranar Litinin na saka rigar aikina na tafi.