Allurar Da Ta Kwantar Da Mma

Uwata shinkafa da wake take sayarwa a bakin titin Nyohini tun kafin a haife ni. Tukunyarta ta mutum biyu ce, amma ita kaɗai take saukewa daga murhu. Don haka da bayanta ya riƙe ban yi mamaki ba. Na gaya mata haka, ta ce in rufe mata baki.

Ciwon can ƙasa yake, wajen ƙugu. Sana'a ba ta fasa ba, tana yi tana cije leɓe. Salla ce ta ci mata rai. Ruku'u ya gagare ta, sai a kan kujerar roba, a gefen sahu, tare da tsofaffin da suka isa haihuwarta. Wata Juma'a wata budurwa ta jawo mata kujera ta ce, "Kaka, zauna." Ranar ko abinci ba ta ci ba. Burinta ɗaya ne, ta yi sallar Babbar Salla a tsaye cikin sa'o'inta.

An sha ƙwayoyi, an shafa man zafi. Wanzami ya zo daga Moshi Zongo ya yi mata ƙaho. Wannan kam ta yarda da shi, don ya nuna mata baƙin jini da idonta. A wajen Mma, ciwon da ba ka ga fitarsa ba yana nan zaune. Sauƙin bai daɗe ba.

Ni na jiyo labarin wani ƙaramin asibiti wajen Zogbeli inda ake allurar 'yan Sin. Na ɗora ta a babur, duk ramin da muka faɗa sai ta mintsine ni. Mai yin allurar 'yar garinmu ce da ta koyo aikin, mace mai sanyin magana. Ta nuna mana alluran, sirara kamar gashin wutsiyar saniya.

"Ina ruwan maganin?" in ji Mma.

"Babu, Mma."

"Jini zai fita?"

"A'a."

Ta juyo gare ni. "Ba a zuba komai, ba a cire komai. Ke, wannan ne ilimin sakandaren naki?"

Matar ta yi dariya, ta ce masu abin sun ce akwai hanyoyi a jiki da ke toshewa, allura ke buɗe su. Likitoci kuma suna zaton tsinin yana taɓa jijiya, naman da ya ɗaure ya saki, jiki ya fito da nasa maganin zafin. Na ce, "To wanne ne gaskiya, Anti?" Ta ce ba a gama sani ba, wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Amsar ta ba ni haushi. Ni ba na son ƙila-wa-ƙala.

Mma ta kwanta rub da ciki. Aka jera mata a ƙugu, aka soka biyu a bayan gwiwa. "Gaya mata bayana ne ke ciwo, ba ƙafa ba," ta ce da ni. Matar ta ce kada ta motsa sai ta dawo. Ina zaune ina karkaɗa ƙafa, ina tunanin ƙanwar Mma da muka bari da tukunya, sai na ji minshari. Na leƙa. Bakinta a buɗe, hannu ya saki. A lokacin na lura ban taɓa ganin uwata a kwance rana tana sama ba. Ko sau ɗaya.

Muka yi ta zuwa, sauƙi na shigowa kaɗan-kaɗan. Sai na ce na gano sirrin: barcin ne magani, allurar ado ce. Na shimfiɗa mata tabarma a gida bayan azahar, na ce ta kwanta kamar yadda take yi a can. Kafin in juya ta tuna wake bai jiƙa ba. Na mayar da ita. Maƙwabciya ta yi sallama, ta miƙe zumbur. Na yi ta masifa, ta ce, "Lafiyata ƙalau zan kwanta mutane na gani? A ce na zama me?"

Har yau ban san abin da allurar ke yi a cikin nama ba. Wataƙila jijiyar ce, kamar yadda aka ce. Abin da na gani da idona shi ne, da ƙarfe a bayanta ba ta isa ta tashi ba, kuma ba wanda zai kira ta ragguwa, har ita kanta.

Ranar Idi na ɗauki kujerar na ɗaure a bayan babur, Mma tana hararata. A filin Idi na ajiye ta bayan sahu. Mma ta yi kabbara a tsaye. Da aka tafi ruku'u ni sallata ta lalace, don da gefen ido nake kallonta. Ta sunkuya a hankali, bayan bai miƙe sosai ba, amma tafukanta sun kai gwiwa. Ta kai raka'a ta biyu haka.

Da aka sallame ta ce in ba wata tsohuwa kujerar. Na ƙi. Na san da safe za ta koma kan tukunyar nan, don haka na sake ɗaure abata a babur.